Tambayoyi Uku na Tsohon Mai Sigina

Ƙannena maza da mata, a cikin garin Kaduna akwai barikin soja mai suna Kalapanzin, akwai kuma Dalet. A Legas akwai Dodan da Myohaung da Arakan, a Ibadan akwai Letmauk. Bakinmu ya saba da sunayen nan har mun daina tambayar inda suka fito. To, koguna ne da garuruwa da yankuna na ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda kakanninku suka gwabza da sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ya ci, wadda aka riƙa kutsawa da ita bayan abokan gaba a 1944, kuma bataliya uku ta Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, na cikinta.

Wajen mutum 90,000 Turawan Ingila suka kwasa daga Afirka ta Yamma zuwa wancan fagen, fiye da rabinsu daga ƙasar nan. Aka shirya su runduna biyu, ta 81 da ta 82. Ta 81 ce ta fara shiga kwarin Kogin Kaladan a ƙarshen 1943, daji mai tsaunuka inda sai da adda da diga suka sare wa kansu hanya. Abinci da harsashi da magani daga jirgin sama ake jefo musu da laima, sauran kaya a ka ake ɗauka. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung. Hausa ce harshen bariki, da ita ɗan Bajju da ɗan Tibi da Babarbare suke jin juna.

Rundunar da cikinta da bindigarta suka dogara ga abin da jirgi zai jefo, ranta na hannun mai sigina, wato sojan da ke goye da akwatin wayar iska yana aika saƙo yana karɓa. In ya sauya lamba ɗaya cikin lambobin da ke nuna inda suke a taswira, buhunan shinkafa su sauka a hannun Japanawa, ko kuma manyan bindigogin ɓangarensa su yi luguden wuta a kan 'yan uwansa. Saboda haka ba a yarda mai sigina ya gyara saƙo don ya yi daɗin ji ba, ba a yarda ya cike gurbin abin da ya kuɓuce masa da abin da yake zato ba. In bai ji ba, ya ce a maimaita, ko da hafsan da ke ɗaya gefen zai zage shi.

Dattijon da nake so ku san labarinsa wannan aikin ya yi. Ba zan kama sunansa ba, domin iyalinsa suna nan, shi kuma da ransa ba ya son a yi ta yayata shi. Baba kawai muke ce masa. Daga wani ƙauye na gindin duwatsun Kagoro ya fito, ya ɗan taɓa makaranta har ya iya haɗa baƙi, kuma ɗan karatun nan ne ya sa aka tsame shi daga masu ɗaukar kaya aka koya masa haruffan Mos na aika saƙo. Da aka sallamo su a 1946 bai koma gona ba, ya zo Kafanchan ya nemi aiki a reluwe.

Kafanchan da kuka taso kuka gani, mai tasha tsit da taragai suna tsatsa, ba ita ce ta wancan zamani ba. Tun 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu a nan, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos. Mahaɗar ce ta cika garin: Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro, Hausawa da Fulanin Jama'a, Ibo da Yarabawa ma'aikatan reluwe. Aka sa Baba a ɗakin tangaraho. Layi ɗaya ne tak tsakanin tasha da tasha, don haka jirgi ba ya tashi sai tashar gaba ta tabbatar hanya a buɗe take. Nan ma dai dokar daji ce ta biyo shi: saƙo ɗaya na ganganci, jirage biyu su yi karo.

Bayan samun 'yancin kai ya nemi lasisin abin da ya zame masa abin ƙauna har ƙarshen ransa, rediyon 'yan sha'awa. Yawancinku kun san rediyo a matsayin akwatin da ake murɗawa a ji Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, ko Rediyon Kaduna. Wannan daban ne. Mutum ne a ɗakinsa da na'urar da ke karɓa kuma take aikawa, hukuma ta jarraba shi ta ba shi lasisi da lambar kira, sai ya yi magana da wani irinsa a wata ƙasa, babu kamfanin waya a tsakani, babu kati, babu data. Kowace ƙasa da mafarin lambarta: Nijeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ. Da jin lambar mutum ka san daga inda yake, kuma a rajistar ƙasarsu akwai sunansa. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1, haka ma Rajiv Gandhi na Indiya. A kan iska kuwa sarki da tsohon ma'aikacin reluwe duk da sunan yanka ake kiran su.

Akwai wani abin dariya a tarihinsu. A 1912 Amurka ta yi dokar da ta kora 'yan sha'awa zuwa zangon da ke ƙasa da mita 200, saboda masana na lokacin sun ɗauka wurin ba shi da amfani ga aika saƙo nesa. Mutanen da aka kora ɗin suka yi ta gwaji a ɗakunansu, har a 1923 wani a Faransa da wani a Amurka suka yi musayar saƙo a ƙetaren Tekun Atlantika da na'urorin da ba su kai komai ba. Daga nan manyan gidajen rediyo suka yi rububin gajeren zango, wanda iyayenku suka yi shekaru suna jin labaran duniya ta cikinsa. A 1925 'yan sha'awar suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris, shi ya sa suke bikin ranarsu kowace 18 ga Afrilu.

Yadda abin ke aiki ba sihiri ba ne, ko da yake mu yara mun ɗauka Baba da aljanu yake hira. Can sama, ɗaruruwan kilomita daga ƙasa, akwai wani shimfiɗaɗɗen sashe na iska da hasken rana ke cika shi da lantarki. In igiyar gajeren zango ta doke shi sai ta dawo ƙasa, kamar yadda yaro ke buga ƙwallo a bango ta dawo masa, sai dai ita a wata nahiya take sauka. Sashen nan yana sauyawa tsakanin dare da rana, yana kuma bin zagayen shekara 11 na ƙarfin rana. Shi ya sa zangon mita 20 ya fi tafiya nesa da rana zuwa yamma, na mita 40 kuma sai dare ya yi. Shi ya sa ma kuke kama tashoshin nesa a matsakaicin zango da dare, gari na wayewa su ɓace.

Ɗakin nasa ɗan ƙarami ne a bayan gida. Daga bishiyar mangwaro zuwa wata doguwar gora ya ɗaura wayar tagulla mai tsawon kusan mita goma, ya yanke ta a tsakiya ya jona igiyar da ke gangarowa ta taga. A kowane ƙarshe ya sa wuyan kwalba don kada wayar ta taɓa itace. Batir ɗin mota na ƙarƙashin tebur, domin ko a lokacin ba a dogara da NEPA. In ka shiga, warin dalma da na ƙurar da ta yi zafi a kan kwalaben cikin na'ura ne ke fara tarbarka. Agogon bangonsa kullum yana baya da awa ɗaya, mu kuwa muna ta dariya wai agogon Baba ya lalace, ashe a kan lokacin GMT ya saita shi, wanda duk 'yan sha'awa na duniya ke rubutu da shi don kada lissafi ya sha bamban. Gefen madannin Mos ɗinsa, wanda yatsa ya goge har yana sheƙi, akwai babban littafi mai layuka: rana, lokaci, zango, lambar wanda aka yi magana da shi, da yadda aka ji shi. A bango kuma katuna ne jere, domin al'adarsu ce bayan an yi magana kowa ya aika wa ɗan uwansa kati ta gidan waya, shaidar cewa lalle an ji juna a rana kaza da ƙarfe kaza. A lokacin, maganar da babu katinta ba a lissafa ta wajen neman takardar yabo.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne jinkirinsa. Zai kunna na'ura ya sa abin ji a kunne ya yi shiru, yana murɗa maɓalli a hankali, mu muna ƙagare mu ji ya yi magana da Bature. Sai ya daɗe yana saurare kafin ya taɓa madanni. In ya taɓa ma, abin da zai fara aikawa tambaya ce, ko akwai mai amfani da wurin nan, domin ta yiwu wasu biyu na magana kai kuma ɗayansu kaɗai kake iya ji, ko ba ka jin kowa. Sai ya tabbatar babu, sannan ya faɗi lambarsa ya yi kira. In wanda ya amsa sabon shiga ne mai nawar hannu, Baba zai rage gudu ya daidaita da shi. In aka zo ba da rahoton yadda aka ji juna, inda 5 ke nufin magana ta fita sarai, 9 kuma ƙarfi ya cika, ba ya ba ka 5 da 9 don ya faranta maka. Yakan ce mutumin can da rahotonka zai gyara eriyarsa, in ka yi masa ƙarya ka cuce shi.

Amfanin wannan tarbiyya ya fito fili a watan Maris na 1987, lokacin da rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya fantsama cikin gari, cikin 'yan kwanaki kuma wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. Ba zan tsaya rabon laifi a nan ba. Abin da kowane ɓangare ya shaida shi ne labari ya riƙa isa gari na gaba da ƙari a kansa, labarin ramuwa kuma ya dawo da wani ƙarin. Samarin unguwa suka riƙa tururuwa gidan Baba, tunda an san yana jin duniya. Ya ce musu lasisinsa bai ba shi damar yaɗa labarai ba, kuma ko ya ba shi, ba shi da abin da ya tabbatar. Wani ya ce, “Baba, an ce an gama da mutanenmu a can.” Baba ya cire tabarau ya dube shi.

“Wa ya gaya maka, ɗana?”

“An ce ne, Baba. Kowa na faɗa.”

“Shi An Ce ɗin, mece ce lambar kiransa? Kawo mini sunan wanda ya gaya maka. Da idonsa ya gani, ko shi ma ji ya yi? Kuma yaushe abin ya faru?”

Yaron ya rasa amsa ko ɗaya. Ba zan ce muku Baba ya kashe wutar 1987 ba, bai kashe ba, kuma bayanta an yi Zangon Kataf a 1992, an yi na bayan zaɓen Afrilun 2011. Iyakar abin da ya iya shi ne wasu 'yan samari suka kwana a zaurensa maimakon su bi ayari. Wasunsu yau su ne iyayen wasunku.

Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, kowannenku ya zama gidan rediyo mai zaman kansa, kuma na'urar da ke aljihunka ta fi duk abin da ke ɗakin Baba ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai ba wanda ya jarraba ka kafin ka saya, ba wanda ya tilasta maka faɗin sunanka. Saƙon murya ya shigo WhatsApp da tsakar dare, wani yana haki yana cewa ga su nan tafe, ba sunansa, ba sunan ƙauye, ba rana. Hoton gawarwaki ya biyo baya, wanda in an bincika sai a tarar na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Kafin asuba ya zaga Zonkwa da Kwoi da Kachiya da Gidan Waya, kuma kowa da ya tura cewa zai yi shi dai faɗakarwa ya yi.

Kada ku fahimce ni a baibai. Ban ce ku yi shiru ba. An kai wa ƙauyukan Kudancin Kaduna hare-hare na gaske, an binne mutane na gaske, kuma gargaɗin da ya zo da wuri ya tserar da rayuka. Daidai wannan dalilin ne ya sa gargaɗin ƙarya yake da tsada a wurinmu fiye da ko'ina: in aka kori mutane daji sau uku a banza, ran da na gaske ya zo sai su gyara kwanciya. 'Yan rediyon sha'awa suna da al'adar kauce wa zancen addini da siyasa a kan iska, ni ban ɗora muku wannan ba, domin garinku ne, dole ku yi maganarsa. Abin da nake roƙo shi ne ku yi ta da sunanku. In za ka aika gargaɗi, ka ce ni ne wane, ina wuri kaza, ƙarfe kaza, ga abin da na gani da idona, ga kuma abin da aka gaya mini ban gani ba. In saƙo ya zo maka babu waɗannan, ka mayar wa wanda ya turo da tambayoyin Baba guda uku. In ya kasa amsawa, saƙon ya mutu a wayarka. Za a ce maka matsoraci ko munafuki, musamman in saƙon ya goyi bayan ɓangarenka. Shi ma an gaya masa haka, mutumin da ya ga Bama.

Akwai kuma batun sanin cikin abin da ke hannunka. Baba ya san aikin kowace waya a na'urarsa, in ta mutu shi zai buɗe ya gyara. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, aka bi da wasu sassan Jihar Kaduna, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don su buga waya ɗaya. Lokacin ambaliyar teku ta Disambar 2004, 'yan rediyon sha'awa da suka je tsibiran Andaman na Indiya don wasansu su ne suka koma masu isar da saƙon agaji da layuka suka katse. Batir da waya mita goma ba su jiran eriyar kamfani. Mai sha'awa a cikinku, musamman ɗaliban kimiyya da masu gyaran waya na kasuwa, zai iya farawa da saurare, wanda ba ya buƙatar izinin kowa. Aikawa kuwa sai da lasisi, kuma a halin tsaron da muke ciki, kada wanda ya ɗauki oba-oba ya hau iska babu takarda.

Kada in mayar muku da shi waliyyi. Baba mutum ne mai zafin rai da taurin kai, kuma matarsa, Mama, ta sha yin ƙorafin kuɗin fansho da ke tafiya a kayan rediyo alhali rufin ɗaki na yoyo. Zancen yaƙi kuwa ba ya yin sa. Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, zai goge lambobinsa ya sa a ƙirji ya tafi fareti, ya dawo ya mayar da su cikin gwangwani. Abin da kawai ya taɓa fitowa daga bakinsa da ɗaci shi ne kuɗin sallamar da aka ba baƙar fata bai kai na farar fata ba, alhali harsashi bai tambayi launin kowa ba. Mama ce ta gaya mana cewa da damina, in aka yi tsawa cikin dare, yakan farka yana lalubar abin ji a gefen gado.

Ya riga mu gidan gaskiya yana da tsufa sosai, Allah ya jiƙansa. Gara ta ci littattafansa na shekaru, katunan bango suka bi shara, na'urar kuma 'yan gwangwan suka saye a kilo. Ku kwatanta da Isaac Fadoyebo, wani ma'aikacin jinya na runduna ta 81 daga wajen Owo, wanda aka harbe a bakin Kaladan a 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi da abokinsa ɗan Saliyo watanni yana ciyar da su, alhali in Japanawa suka gano kashe shi za su yi. Fadoyebo ya zauna ya rubuta labarinsa. Saboda rubutun nan ne ɗan jarida Barnaby Phillips ya neme shi a Legas, ya je har Bama ya gano iyalin Shuyiman ya kai musu wasiƙar godiya kafin Fadoyebo ya rasu a 2012. Dubbai sun ga irin abin da ya gani, amma nasa ne ya saura.

Waɗanda suka je yaƙin Bama kusan duk sun ƙare. Amma waɗanda suka yi Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970 suna nan da saura, haka waɗanda suka je Laberiya da Saliyo da rundunar ECOMOG, kuma ba a rasa su a ƙauyukan Kudancin Kaduna, yankin da ya ba soja manyan hafsoshi irin su Janar Martin Luther Agwai, da dubban kurata da kofur-kofur da ba wanda ya rubuta sunansu a jarida. Tsofaffin direbobin jirgi da masu tangaraho ma suna zaune a ƙofar gidajensu a Kafanchan. Ka je da goro ko lemo, ka durƙusa ka gaishe shi, ka nemi izini kafin ka kunna waya. Kada ka fara da tambayar mutum nawa ya kashe, zai rufe baki ya ƙi buɗewa. Tambaye shi me suke ci, wa ya koya masa aiki, wane ne abokinsa, yaya aka yi ya dawo gida. In ya yi shiru, bar shi da shirunsa, kada ka cike masa. In kun gama, ka rubuta sunansa da rana da wurin da kuka zauna, ka ba iyalinsa kwafi ɗaya, ka kuma juye hirar a takarda, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.